Lambun makaranta: me za mu nema wajen ƙaramar hukuma, kuma a wane wata?

  Mutanen Haɗeja da Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kirikasamma, yau hirar taku ce, amma na nesa ma kada ya tashi, domin zai samu abin ɗauka.

Bari in fara da wani abu da ya faru ina aji biyar a firamare. Ba zan kama sunan makarantar ba, ba kuma zan kama sunan ƙaramar hukumar ba. Wata rana aka tara mu a filin asambuli, hedimasta ya ce an ba makarantarmu tallafin yin lambu. Muka yi ta tafi. Aka kawo fartanya sababbi, da bokitai, da iri a 'yan ƙananan takardu masu hoton kabeji da karas. Aka rubuta allo aka kafa a bakin hanya. Manya suka zo da motoci, aka ɗauki hoto, ni ma ina ciki, ina riƙe da bokitin da babu ruwa a cikinsa.

To, ga inda gizo ke saƙar. Wannan abu ya faru ne a ƙarshen watan Fabrairu. Duk ɗan fadama ya san ma'anar wannan: sanyi ya kusa wucewa, zafi na ƙofa. Rijiyar makaranta ta lalace tun bara, sai mu je unguwa mu ɗebo ruwa a ka. Shinge kuwa babu, don kuɗin ya ƙare a kan fartanya da allo da lemon baƙi. Duk da haka mun dage, alayyahu ya fito, kore shar. Sai aka ba da hutu. Da muka dawo, wallahi ko kututture ba mu tarar ba. Awakin unguwa sun yi walima. Allon nan dai ya shekara uku a tsaye, yana sanar da masu wucewa cewa a nan akwai lambu.

Na daɗe ina ba da wannan labari don a yi dariya. Da na girma sai na gane ba ƙarancin kuɗi ne ya kashe lambunmu ba. Kuɗin da aka kashe ya isa a yi lambu mai rai. An dai kawo shi a watan da bai dace ba, an sayi abin da bai kamata a fara saya ba, kuma babu mutum ɗaya da za a nuna a ce shi ne mai lambun idan an tashi daga makaranta. Yau a kan wannan nake so mu tsaya.

Wani zai ce, to ina ruwan ƙaramar hukuma da lambu? Da ruwanta ƙwarai. Ku duba kundin tsarin mulki na 1999, jadawali na huɗu, inda aka jera ayyukan ƙananan hukumomi. A ciki an ce za su sa hannu wajen samar da ilimin firamare da kula da shi, an kuma ce za su sa hannu wajen bunƙasa aikin gona. Lambun makarantar firamare ya haɗa duka biyun a fili ɗaya. Saboda haka in kun je sakatariya da wannan buƙata, ba bara kuka je yi ba. Kowace ƙaramar hukuma tana da sashen aikin gona da shugabansa, akwai kuma sakataren ilimi. Albashi suke karɓa don irin wannan.

Sannan kun san a ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kasonsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu ne za su riƙe su, ba kantomomi ba. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa, kowa ya sani, ba sai na ɓata bakina ba. Amma ko ba komai ya buɗe ƙofar tambaya. Da can in ka je wajen ciyaman, amsa ɗaya ce: kuɗin na sama. Yanzu kana da bakin cewa, ranka ya daɗe, wanda ya sauko fa, nawa aka ware wa makarantu da noma?

Ba mu ne farkon masu wannan tunani ba. A 1976 gwamnatin Obasanjo ta soja ta fito da shirin ciyar da ƙasa, wanda aka fi sani da OFN, aka ce kowace makaranta da kowane gida su yi noma. Ku tambayi iyayenku, da yawa sun yi noma a gonar makaranta, wasu ma ba su manta bulalar ba. A Nijar, bayan farin 1984, gwamnatin Seyni Kountché ta tura jama'a noman rani gadan-gadan. A Ingila kuwa har gobe ƙananan hukumomi suna ba makarantu da ƙungiyoyin unguwa ɗan tallafi su shuka kayan miya. Amma ni darasin da na fi so mu duba yana nan ƙofar gidanmu, wato shirin Fadama.

Duk wanda ya tashi a wannan yanki ya ji sunan. An fara shi a farkon shekarun 1990 da kuɗin Bankin Duniya, kuma a zagayen farko abin da aka fi mayar da hankali a kai shi ne tubwel da ƙananan injinan ban ruwa. Kafin nan kakanninmu da jigo suke ɗaga ruwa, guga ɗaya bayan ɗaya. Zuwan injin ya canza noman rani a fadamun Arewa baki ɗaya. A zagaye na biyu, wajen 2004, sai aka canza salo, na uku kuma da ya biyo baya ya game duk jihohin ƙasar. Maimakon jami'i ya zauna a ofis ya yanke abin da ƙauye yake buƙata, sai aka ce jama'a su kafa ƙungiyoyi: manoma nasu, masunta nasu, makiyaya nasu, mata masu sarrafa amfanin gona nasu. Ƙungiyoyin su haɗu su rubuta tsarin abin da suke so, su buɗe asusu a banki, kuɗin ya shiga hannunsu, su sayi kayan da kansu.

Abu biyu nake so ku riƙe daga wannan tsari. Na farko, ba kyauta ce zalla ba. A Fadama ta uku, in ƙungiya tana son kadara kamar injin ban ruwa ko injin niƙa, ita za ta kawo kashi 30 cikin 100, shirin ya cika sauran. In aikin gayya ne na gari, kamar kwalbati ko rumfar kasuwa, kason jama'a kashi 10 ne, kuma ana karɓar aikin ƙarfi da kayan gini a madadin kuɗi. Wanda ya zuba guminsa a abu ba ya barin akuya ta shiga. Na biyu, an nemi kowace ƙungiya ta riƙa ajiye wani abu daga ribar kadarar, domin ranar da injin ya mutu a samu na gyara ko na sabo. Ba duk ƙungiyoyi suka yi ba. Wasu an kafa su ne da daddare don a karɓi kaya, da safe suka watse, wasu ma 'yan gida ɗaya ne aka canza wa sunaye. Mun gani, ba labari aka ba mu ba. Amma waɗanda suka riƙe asusun, su ne aka ga injinsu yana tashi bayan jami'an shirin sun naɗe tabarmarsu.

A ɓangaren makarantu ma akwai makamancin haka. Kusan kowace firamare ta gwamnati tana da kwamitin al'umma mai kula da ita, wanda ake kira SBMC, da mai unguwa ko wakilinsa, da iyaye maza da mata, da malamai, har da wakilan ɗalibai. Jigawa na cikin jihohi biyar, tare da Kano da Kaduna da Katsina da Sakkwato, da suka shiga shirin NIPEP daga 2015, inda aka riƙa tura ɗan tallafi kai tsaye zuwa asusun makarantu, kwamitin ya tsara yadda za a kashe. Ma'ana, hanyar da kuɗi zai bi ya isa makaranta ba tare da ya kwana a aljihun ɗan kwangila ba, an riga an share ta. Ba sabon abu za mu ƙirƙiro ba.

Yanzu mu zo kan ƙasarmu, don lambu a Haɗeja ba irin lambu a Kazaure ba ne. Mu ruwa ne arzikinmu, shi ne kuma fitinarmu. Kogin nan daga ƙasar Kano yake tasowa, inda kogin Kano da na Challawa suka haɗu, ya ratso ta Wudil da Ringim ya iso mana, ya bazu cikin dausayin Haɗeja da Nguru, ya haɗu da na Jama'are, daga nan su nufi Tafkin Chadi. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta canza. Hanyoyin da a da suke bushewa da rani suka koma riƙe ruwa shekara zagaye, kachala ta samu wurin zama, ta toshe magudanai, ruwa ya rasa hanya sai gonaki da gidaje. Wanda ya ga 2020 da 2022 ba ya buƙatar bayani. Makarantu da dama sun zama masaukin waɗanda ambaliya ta kora, wasu kuma su kansu ruwan ya shiga.

Me wannan yake nufi ga lambun makaranta? Yana nufin in makarantarku a kwari take, kada ku yaudari kanku da lambun damina. Agusta da Satumba na ruwa ne, kuma dama yara suna dogon hutu. Lokacinmu shi ne bayan ruwa ya ja. A yi renon iri a ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, a yi dashe a Nuwamba, a ci moriyar sanyin hunturu har Fabrairu. Tumatur da albasa da salak da kabeji da karas duk sanyi suke so. Kuma wannan lokaci ya faɗo daidai zangon farko da na biyu na karatu, yara suna nan. Kenan kuɗin da bai iso makaranta kafin Oktoba ba, ya makara. In ya zo a Fabrairu irin namu, gara a sa shi a shinge da rijiya, a jira baɗi, da a zuba iri a ƙasa don a samu hoton da za a kai ofis.

Ga kuma alherin fadama: ruwan ƙasa a kusa yake. A wurare da yawa ba a buƙatar burtsatse mai zurfi irin ta miliyoyi, tubwel ɗin da masu haƙa da hannu suke yi wa manoman rani ya wadatar. A nan ne ɗan ƙaramin tallafi yake yin aikin babba. Sai dai tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, injin fetur ya zama ɗan sarki, kullum sai an ba shi. Makarantar da ba ta da kuɗin alli ba za ta iya sayen lita kullum ba. Don haka in za ku rubuta buƙata, ku yi tunanin ƙaramin famfo mai aiki da hasken rana, ko famfon tuƙa-tuƙa da tanki. Na sola ya fi tsada a ranar saye, amma ba ya tambayar ku komai da safe. Ku dai tanadi inda za a kulle faifan, don ɓarayi ma sun san darajarsa.

Da ni ne zan kasafta kuɗin, shinge ne farko. Na san ba ya kyau a hoto, babu ɗan siyasar da yake son a ɗauke shi yana buɗe waya. Amma a garuruwanmu da an kawar da amfanin gona ake sakin dabbobi, daidai lokacin da lambun yake kore shi kaɗai a unguwa. Darnin kara yana taimakawa, sai dai gara da iska da akuya mai naci suna gamawa da shi, shi ya sa waya da turaku masu ƙarfi suka fi. Wani zai ce a dasa bini-da-zugu ya zama shinge mai rai. A gona babu laifi, amma a firamare ban ba da shawara ba, 'ya'yansa guba ne, kuma yaro ba ya ganin ƙwallo ya ƙyale. Bayan shinge sai ruwa. Iri da fartanya su ne na ƙarshe, don su ne iyaye za su iya kawowa daga gida. Taki kuwa, wane gida ne a ƙasar Haɗeja babu turken awaki? Wannan shi ne kason jama'a, irin kashi 10 ɗin Fadama.

Sai babbar tambaya, wadda ba kuɗi ke amsa ta ba: wa zai ba da ruwa ranar Asabar da Lahadi, da hutun Disamba, da hutun azumi ko na salla? Fangalin salak in ya kwana biyu ba ruwa ya tafi. Malamin gona yana da iyali, wataƙila ma ba a garin yake kwana ba. Abin da na fi gamsuwa da shi shi ne a raba lambun gida biyu. Rabi na ɗalibai, kowane aji da fangalinsa. Rabi a ba ƙungiyar matan unguwa, ko maigadin makaranta, ko wasu samari biyu da ke maƙwabtaka, su shuka nasu su ci su sayar, da sharaɗin su ne masu ban ruwan duka lambun idan babu makaranta. A rubuta a takarda, mai unguwa ya sa hannu. Kada a dogara da "Allah ya ba da lada" kaɗai. Mutum yana son lada, amma yana son na cefane.

Wata 'yar gargaɗi a nan. Yara ba leburori ba ne. In lambu ya koma wurin horon wanda ya makara, to an koya wa yaro ƙin noma har abada, kuma da yawanmu haka aka yi mana. Feshin maganin ƙwari kuma ba aikin yaro ba ne ko kaɗan. Masu tumatur sun tuna 2016, shekarar da tsutsar nan da manoma suke kira sharon ta cinye gonaki a Kano da Jigawa da Kaduna da Katsina. Tumatur yana da kuɗi amma yana da jinya. Lambun da yake farawa gara ya fara da masu sauƙin kai: alayyahu da ake yanka cikin wata guda, rama, yakuwa, lalo, albasa mai lawashi, sai zogale a gefen da ruwa ba ya kwanciya, don saiwarsa ba ta son jiƙa. Yaro ya ga abin da ya shuka ya shiga tukunya kafin zango ya ƙare.

Kada kuma mu cika baki. Lambu mai faɗin filin ƙwallo ma ba zai ciyar da makaranta mai yara dubu ba. Shirin ciyar da 'yan firamare na tarayya da aka fara a 2016, da naira 70 kan kowane yaro, ya yi ta tsayawa yana tashi, kuma lambu ba zai maye gurbinsa ba. Abin da zai iya shi ne ya sa ganye a miya, ya kawo ɗan kuɗin alli da gyaran famfo, ya koya wa yaro awo da lissafin riba da faɗuwa a kan abin da ya taɓa da hannunsa. In ana son abin ya girma, sai a dubi Brazil, inda dokar 2009 ta wajabta a kashe aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin abincin makarantu wajen sayen amfanin ƙananan manoma. Ku ɗauka a ce masu dafa abincin makaranta a Auyo daga lambun matan Auyo suke sayen ganye. Ga aikin ban ruwa na kwarin Haɗeja nan da Shugaba Buhari ya buɗe a Auyo a Janairun 2023, ga Kwalejin Binyaminu Usman a cikin gari wadda asalinta makarantar koyon aikin gona ce, ga malaman gona na JARDA. A ce yaron da ya tashi a tsakiyar wannan duka bai taɓa dasa albasa a makaranta ba, ai da kunya.

To, ta ina za a fara? Ku da kuke saurare, yawancinku kun gama wata firamare, kuma tana nan inda kuka bar ta. Ku je ku gaida hedimasta, ku tambayi shugaban SBMC. Ku zaga filin tare, ku tambayi dattawan unguwa iya inda ruwa ya kai a 2022, don kada a kafa lambu a inda zai nutse. Ku shiga kasuwa ku tambayo farashin waya da turaku da bututu, ku tambayi mai haƙa tubwel nawa yake yi yau, ba farashin bara ba. Sai ku rubuta takarda shafi ɗaya, kada ta wuce haka: ga makaranta, ga yawan ɗalibai, ga faɗin fili, ga abin da unguwa za ta kawo, ga abin da ake nema, ga asusun kwamiti, ga waɗanda za su sa hannu kafin a cire ko sisi. Mutum uku, kuma a samu mace a ciki.

Takardar ta bi ta hannun kansilan mazaɓarku, kwafi ga shugaban sashen gona, kwafi ga sakataren ilimi, ku riƙe naku da hatimin karɓa a jiki. Lokaci kuma yana da muhimmanci a nan ma. A Jigawa kasafin ƙananan hukumomi 27 yana zuwa gaban majalisar dokokin jiha ne tare da na jiha a ƙarshen shekara. Abin da bai shiga takarda kafin nan ba, sai dai a ce muku a yi haƙuri babu shi a kasafi. Don haka mai son shinge a Oktoban baɗi, tun daminar bana zai fara sintiri. Kuma ku roƙi abu ɗaya a fili: ko nawa aka bayar, a rubuta a manna a ƙofar ofishin hedimasta, da rasit ɗin abin da aka saya. In ciyaman ya ce kuɗi ba zai isa kowace makaranta ba, gaskiyarsa. Ku ce a fara da ɗaya a kowace mazaɓa, wadda ta kawo nata kason, wadda lambunta ya kai Maris da rai a ƙara mata baɗi.

Na san wani yana can yana cewa, malam, waɗannan mutanen ba za su bayar ba. Mai yiwuwa. Amma na ga samarin Haɗeja a lokacin ambaliya, cikin dare, da fitilar waya, suna cika buhuna da ƙasa suna ɗaura jinga don kada ruwa ya ci gari. Babu wanda ya jira takardar ofis a daren nan. Waɗanda suka tare kogi da buhu, zagaye fili da waya ba zai gagare su ba, ko da kuɗin ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ne za a fara, hukuma ta tarar da aiki a ƙasa.

Makon jiya na bi ta tsohuwar makarantarmu. Allon ya daɗe da faɗuwa, an yi ajujuwa biyu a inda muka shuka alayyahu, amma bayan ajujuwan akwai sauran fili, kuma rijiyar an gyara ta. Na karɓi lambar hedimasta na yanzu, mun yi da shi zan koma ranar Asabar da igiyar awo. Yadda muka yi da shi, da abin da mai waya ya ce mana a kasuwa, za ku ji a shiri na gaba in Allah ya kai mu.